Baƙo da Mai Masauki a Ƙagaggun Labarai: Tarke Daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda wasu ƙagaggun labarai suka kalli baƙo a birnin Kano, musamman baƙon da tafiya ta zame masa dole, wato wanda aka sato aka sayar, ko wanda tarzoma ta kora daga gidansa. Tambayar da za mu bi ita ce: wa yake tsaya wa baƙo ranar da gari ya juya masa baya, kuma bisa wane dalili yake tsaya masa?

Za mu ɗora nazarin a kan ayyuka uku. Na farko shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Sauran biyun na Chimamanda Ngozi Adichie ne, wato littafinta Half of a Yellow Sun na 2006, da gajeren labarinta "A Private Experience" da ke cikin tarin da ta fitar a 2009. Mai yiwuwa wani ya ce me ya kawo rubutun Turanci cikin taron nazarin Hausa. Amsa ita ce, a cikin waɗannan labarai Bahaushe ne mai masauki, Kano ce kuma dandali, wanda aka zana hotonsa kuwa yana da ikon ya duba ko hoton ya yi kama da shi.

Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, dukkan labaran uku sun rataya tsirar baƙo a kan alherin mutum ɗaya. Wannan ya ƙara musu armashi, amma ya rufe wata tambaya mai nauyi, wato ko baƙo yana da haƙƙin da zai nema ko da bai yi dace da mai alheri ba.

2.0 Tasha da Maƙwabtanta

Kafin a shiga cikin labaran, ya kamata mu san wurin da ake magana a kai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912. An gina tashar a bayan ganuwa, gabas da birni, kusa da unguwanni biyu waɗanda kowace masaukin baƙi ce, amma asalinsu ya bambanta.

Fagge ta girmi jirgi da ƙarnuka. Ana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), a matsayin zangon ayarin Buzaye da sauran fataken arewa. Tsarin Fagge shi ne na mai gida da baƙonsa. Falke ya sauka wajen mai masauki, shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi rigima. Sabon Gari kuwa Turawan mulki ne suka yanka ta a 1913 domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Da farko ba ta ƙarƙashin Sarki, tana hannun Baturen da ke kula da bariki, sai a 1940 aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Da aka haɗa layin Gabas da na Arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai Ibo suka riƙa zuwa da yawa.

Bambancin da ke nan shi ne, baƙon Fagge yana da mai masauki, baƙon Sabon Gari kuwa fili aka yanka masa aka ce ya zauna da 'yan'uwansa baƙi. An raba musu kotu da makaranta da kasuwa. Saboda haka mutum zai iya shekara talatin a Kano ba tare da wani ɗan gari ya ɗauki nauyinsa ba. Abin lura ne kuma cewa laƙabin nan da Hausawa suka sa wa Ibo, wanda su ba sa so, daga jimlar roƙon ruwan sha a harshensu ya samo asali. Wato abin da kunnen ɗan gari ya fara riƙewa daga bakin wannan baƙo shi ne buƙatarsa.

A kan iyakar unguwannin nan biyu aka yi rikicin watan Mayu na 1953, wanda hukuma ta ce mutum 36 sun mutu a cikinsa. A nan kuma aka yi kashe-kashen 1966, na watan Mayu da na farkon Oktoba, lokacin da sojojin Bataliya ta Biyar suka yi bore, aka kashe mutanen Gabas a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da cikin Sabon Gari. Tashar da ta kawo su ita ce ta kwashe waɗanda suka tsira. Ita ce kuma ta sauke 'yan Arewa da suka baro Gabas a cikin waɗannan watanni.

3.0 Shaihu Umar: Ɗa da Uwa

Labarin Shaihu Umar ya faru ne kafin zuwan jirgi, lokacin da ayarin Sahara ke tashi daga Kano. Duk da haka shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da ya ɗauki wanda aka raba da gida da ƙarfi ya mai da shi tauraro. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun maharan bayi, aka kawo shi Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya karɓe shi. Wannan mutum ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi tamkar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa ta fito nemansa, ta iso Kano ita kaɗai, ta yarda da wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurin ɗanta, shi kuwa ya yaudare ta ta ƙare a bauta. Bayan doguwar wahala ta sadu da ɗan a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta rasu.

Gwanintar marubucin tana cikin yadda ya jera waɗannan tafiye-tafiye biyu kafaɗa da kafaɗa. Gari ɗaya suka ratsa, hamada ɗaya suka ƙetare, kuma dukkansu ba su da kowa. Abin da ya raba ƙarshensu shi ne halin mutumin da kowannensu ya faɗa hannunsa. Salon littafin mai sauƙi ne, babu yawan ado, wannan kuwa ya sa wahalar uwar ta fi shiga rai, domin marubucin bai tsaya yana roƙon mai karatu ya ji tausayi ba.

Amma a nan ne kuma rauninsa yake. Da yake Umar ne da bakinsa yake ba ɗalibansa labari bayan ya zama shaihi, sai duk abin da ya faru ya koma darasin haƙuri da yarda da ƙaddara. Mai karatu yakan rufe littafin yana yaba Abdulkarim, ya manta cewa shi ma cikin wannan fatauci yake, kuma kasuwar da ta ba shi yaron ita ce ta ci uwar. Littafin ya nuna mugun ubangida da nagari, bai kai ga tuhumar ikon da ya sa mutum yake zama a hannun wani ba. Mu tuna kuwa sai a 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin, dokar mulkin mallaka ta soke matsayin bawa gaba ɗaya a Arewa. Ashe ke nan marubucin yana magana ne a kan abin da masu karatunsa na farko suka gani da idonsu.

4.0 Adichie: Mayafi Biyu

Akwai wata alaƙa mai ɗaci tsakanin littafin farko da na biyu. Marubucin Shaihu Umar shi ne Firayim Ministan da aka kashe a juyin mulkin Janairu na 1966, abin da ya biyo bayan wannan kisa kuwa shi ne ya cika jirgin da Adichie ta siffanta.

A cikin Half of a Yellow Sun, Olanna ta zo Kano wajen kawunta Mbaezi da ke zaune a Sabon Gari. Tarzoma ta same ta a gidan Mohammed, wani mai hali da suka taɓa soyayya. Ya sa ta rufe kanta da mayafi, ya ɗauke ta a mota, suka biya Sabon Gari ta ga gawar kawunta da ta matarsa, ta kuma ga Abdulmalik, abokin kawun nata, cikin makasan. Daga nan Mohammed ya kai ta tasha ya tura ta cikin jirgi. A cikin taragon ne ta zauna kusa da matar da ke riƙe da ƙwarya, kan 'yarta na ciki.

Babu mai musun ƙarfin wannan babi, kuma bai kamata manazarcin Hausa ya karanta shi da niyyar kare kai ba. An yi kisan, dubban mutane sun hallaka a garuruwan Arewa, marubuciyar ba ƙirƙira ta yi ba. Abin da tarke zai duba shi ne yadda aka gina tsirar. Mohammed ya ceci Olanna domin yana son ta, ya kuma iya cetonta domin yana da mota da sunan gida. Mayafin da ya ba ta aikinsa shi ne ya ɓoye ko ita wace ce. Ma'ana, ta tsira ne saboda an ɗauka ba baƙuwa ba ce. Mai sayar da kaya a kasuwar Sabon Gari, wadda ba ta da masoyi mai mota, ba ta da rabo a cikin wannan irin ceto. Haka kuma Hausawan littafin sun kasu biyu kawai, ɗan babban gida mai ilmin boko a gefe guda, gungun masu adda a ɗaya gefen. Talakan Fagge da ya ɓoye maƙwabcinsa bai sami wuri ba.

Gajeren labarin ya gyara wani ɓangare na wannan. A cikinsa Chika, ɗalibar likitanci, ta ɓuya a wani shago da aka gudu aka bari, tare da wata Bahaushiya mai sayar da albasa, wadda ita ce ta ja ta zuwa maɓoyar. Kowace ta rabu da nata a cikin gudu, Chika da 'yar'uwarta, matar da 'yarta. A nan taimako ya tafi ta fuska biyu, domin Chika ta duba wa matar ciwon da ke damun ta, matar kuma ta ciro ɗankwalinta ta ɗaure mata rauni a ƙafa. Mayafin farko ɓoye asali ya yi, na biyu kuwa jini ya tsayar, alhali matar ta san sarai wadda take taimako. Ta wannan fuska gajeren labarin ya fi littafin zurfi. Sai dai matar ba ta da suna tun daga farko har ƙarshe, amincin da ta bayar kuma na dare ɗaya ne. Gari na wayewa kowace ta kama gabanta, babu wurin da Chika za ta kai ƙara, babu kuma mai taya ta neman 'yar'uwarta.

5.0 Abin da Labaran Suka Bari

In muka koma ga tarihin unguwannin nan, za mu ga ba alherin ɗaiɗaiku kaɗai ya riƙe baƙi ba. Akwai aƙalla tsari uku.

Na farko shi ne na mai gida, wanda muka ambata. Da shi Hausawa da kansu suka zauna a zangunan Kumasi da Accra da Sabo ta Ibadan, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 a kan Sabo. Ƙarfinsa shi ne akwai wanda za a tambaya in baƙo ya ɓata. Iyakarsa kuwa shi ne an gina shi a kan ciniki, saboda haka ya fi amfanar wanda ya zo da kaya.

Na biyu shi ne ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da mazauna Sabon Gari suka kafa. Su ne suke tarbar sabon zuwa, su nema masa aiki, su yi karo-karo in ya rasu, har makarantu suka gina. Adichie ta san da wannan, domin ta nuna ana taron ƙungiyar Ibo a gidan Mbaezi a kan maganar makaranta. Amma ƙungiyar ƙabila 'ya'yanta kawai take karewa, ranar da aka tasar wa ƙabilar gaba ɗaya kuwa, ita ma abin farauta ce.

Na uku shi ne na hukuma. A lokacin yaƙin basasa, zamanin Gwamna Audu Baƙo da Sarki Ado Bayero, an kula da gidajen da mutanen Gabas suka bari a Kano, aka riƙa karɓar haya ana ajiyewa, da yawansu kuma suka karɓi gidajensu bayan 1970, saɓanin abin da ya faru a Fatakwal. Douglas Anthony ya yi bayanin wannan a littafinsa na 2002 a kan Kano. Wannan aiki ne na rajista da rasit, ba shi da armashin mota mai ratsa tarzoma, amma shi ne ya sa Sabon Gari ta sake cika.

Marubutan Hausa ma ba su ɗauki wannan fage ba. Waƙoƙin yaƙin basasa da aka fi sani, waɗanda Graham Furniss ya nazarta, sun karkata ne ga yabon soja da kiran haɗin kan ƙasa da zambo ga Ojukwu. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya kawo ɗan ƙauye birni, amma jigonsa gargaɗi ne ga mai barin gida, a kan ma'anar karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Nauyin da ke kan mai masauki bai zama jigo ba.

6.0 Alheri da Haƙƙi

Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, amma alheri zaɓi ne na mai yin sa, yana iya yi, yana iya fasawa, ba mai kai shi gaban alƙali. Haƙƙi kuwa bashi ne, mai shi yana iya nema. Kada kuma a ɗauka wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Shari'a ta sa matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin kashi takwas na masu cin zakka, ta sa liyafar baƙo kwana uku, ta kuma san amanar da Musulmi yake ba wanda ba Musulmi ba, wadda ta zama wajibi jama'a su kiyaye. Tarihin da muke koyar da yara cike yake da hijira, daga ta Habasha da ta Madina har zuwa ta Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804.

Abubuwan da suka faru bayan yaƙi sun nuna inda alheri yake gazawa. A 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawa da Yarabawa masu yawa suka dawo ba tare da dukiyarsu ba, kuma babu mai gidan da ya iya hanawa. A fari na 1973 da 1974 Buzaye da sauran mutanen Nijar suka kwararo Kano hannu wofi, ba irin zuwan kakanninsu masu ayarin gishiri ba. Bayan rikicin Maitatsine na Disamba 1980 zargi ya koma kan baƙi, a Janairu 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Ghana. Abin mamaki, a cikin wannan shekara ta 1983 Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, wadda sashenta na 12 ya haramta korar baƙi jimla guda.

A ɗaya ɓangaren, akwai misalin Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, wanda aka ɗauka aka kai Chadi a 1980 bisa cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta soke korar. Ya dawo ne saboda akwai lauya da takarda da jama'ar da suka tsaya, ba don wani ya ji tausayinsa ba. Irin wannan aiki shi ne ƙungiyoyin kare haƙƙi masu zaman kansu suka ɗauka daga baya, kamar Civil Liberties Organisation da aka kafa a Legas a 1987, ban da aikin jinƙai na Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Abin da ya bambanta su da mai gida da ƙungiyar ƙabila shi ne, a ƙa'idarsu, ba sa tambayar me ka zo da shi, ko ɗan wane gari ne kai.

Batun bai tsaya ga wata ƙabila ba. Karin magana ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma jikan wanda ya sauka a tasha a 1930 ba raɓa ba ne, ga shi kuwa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma takan mai da shi baƙo a garin da aka haifi ubansa. Abin da yake samun sa a Kano shi yake samun Bahaushe a Jos. Rikicin Shagamu na Yuli 1999, da ramuwar da ta biyo baya a Kano, sun nuna cewa baƙon wani gari garkuwa ne a hannun wani garin. Haka nan da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014, mafi yawan waɗanda suka gudu gidajen dangi da na bayin Allah suka sauka, ba sansani ba. Alheri ya yi aikinsa, amma makarantar 'ya'yansu da takardunsu da gonakin da suka bari suna buƙatar wanda zai bi musu kadi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Shaihu Umar ya danƙa baƙo ga ƙaddara da halin ubangida, littafin Adichie ya danƙa shi ga soyayyar mai hali, gajeren labarinta kuma ga tausayin talaka. Kowanne ya faɗi gaskiya gwargwadonsa, mun kuma nuna cewa na ƙarshen ya fi kusa da ainihin abin, domin a cikinsa ne aka taimaki baƙo ba tare da an ɓoye baƙuncinsa ba. Amma babu wanda ya nuna mana baƙon da ya nemi haƙƙinsa, ko mutanen da suka mai da tsaya masa aikinsu na kullum.

Ba muna cewa marubuci ya mai da labarinsa rahoton ƙungiya ba ne. Cewa muke yi akwai taurarin da ba a taɓa ba: akawun da ya riƙe littafin hayar gidan wanda bai san ko yana da rai ba, da mai unguwar da ya ƙi nuna ɗakin da baƙo yake, da ɗan agajin da ke tsaye a bakin tarago da butar ruwa. Wanda ya fi cancanta ya rubuta su shi ne wanda ya san harshen Fagge da lungunanta. Ga malamai kuma, shawararmu ita ce a riƙa koyar da Shaihu Umar tare da waɗannan labarai biyu a aji ɗaya, a kuma sa ɗalibai su tattara abin da dattawan Fagge da Sabon Gari suka riƙe game da 1953 da 1966, tun da sauran waɗanda suka gani da idonsu.